Ƙuri'a 87: Yadda Akwati na 13 ya kai Lyndon Johnson Majalisar Dattawan Amurka a 1948

Ranar Juma'a 3 ga Satumba 1948, kwana shida bayan an rufe rumfunan zaɓen fid da gwani na kujerar sanata a jihar Teksas ta ƙasar Amurka, jami'an jam'iyyar Dimokurat na gundumar Jim Wells suka fito da abin da suka kira gyararren sakamako. A daren zaɓe an sanar da cewa Lyndon Johnson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya samu ƙuri'a 765 a mazaɓa ta 13 da ke garin Alice, amma a sabuwar takardar sai adadin ya koma 965, shi kuwa abokin karawarsa Coke Stevenson aka ɗan sammasa biyu, daga 60 zuwa 62. Da aka kammala tattara sakamakon gundumomi 254 na jihar, Johnson ya tashi da ƙuri'a 494,191, Stevenson kuma 494,104, wato tazarar ƙuri'a 87 kacal cikin ƙuri'u 988,295 da aka lissafa. Da ba a yi wancan ƙarin na garin Alice ba, da Stevenson ne ya lashe zaɓen da ƙuri'a 111.

Aringizon da aka yi a Alice ba na ƙwararru ba ne, domin ko ɗan makarantar firamare ya ga takardar zai gane an yi wasa da ita. Abin da ya sa wannan lamari ya cancanci nazari shi ne cewa, duk da fitowar maguɗin fili, ya ratsa kwamitin jam'iyya, ya ratsa kotun jiha, ya ratsa kotunan tarayya har zuwa ɗakin wani alƙalin Kotun Ƙoli, kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan hukumomi da ya yanke hukunci a kan tambayar da ta kawo rigimar, wato ko mutanen nan 202 sun jefa ƙuri'a ko ba su jefa ba. Kowace hukuma ta amsa wata tambaya ce ta daban, har lokaci ya ƙure.

Kafin a fahimci yadda haka ta faru, sai an san tsarin da aka yi zaɓen a cikinsa. Kowace jiha a Amurka sanatoci biyu gare ta, kuma tun daga gyaran tsarin mulki na 17 da aka yi a 1913, jama'ar jiha baki ɗaya ne ke zaɓen kowane ɗayansu, saɓanin Najeriya inda ake raba jiha gida uku kowane yanki ya fitar da nasa. Teksas ta wancan zamani kuwa jihar jam'iyya ɗaya ce. Tun bayan yaƙin basasa da abin da ya biyo bayansa, fararen fatan kudu suka juya wa jam'iyyar Rifablikan baya, saboda haka wanda duk ya samu tikitin Dimokurat tamkar ya riga ya shiga majalisa ne, zaɓen gama-gari na watan Nuwamba kuma cika ƙa'ida ne kawai. Ainihin gwagwarmayar a zaɓen fid da gwani take, kuma wannan zaɓe jam'iyya ce ke gudanar da abinta: ita ke naɗa malaman zaɓe, kwamitocinta na gunduma ne ke ƙirgawa, kwamitin zartarwarta na jiha ne ke tabbatar da wanda ya ci. Wannan batu ne daga baya ya zame wa Stevenson ƙarfen ƙafa a kotu. Ban da haka, mutum ba ya jefa ƙuri'a sai ya biya harajin zaɓe na dala ɗaya da 'yan kai tun farkon shekara ya riƙe rasit, kuma sai a 1944 ne Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta taso daga Teksas ɗin kanta, ta haramta wa jam'iyyar hana baƙar fata shiga zaɓen fid da gwani.

Johnson ya shiga takarar 1948 ne da tabon 1941 a jikinsa. A waccan shekarar Sanata Morris Sheppard ya rasu, aka yi zaɓen cike gurbi, Johnson, wanda ke wakiltar yankin Austin a Majalisar Wakilai tun 1937, ya kara da gwamna mai ci W. Lee O'Daniel, wani ɗan kasuwar fulawa da ya yi suna ta hanyar shirin rediyo. A daren zaɓe Johnson na kan gaba, magoya bayansa har sun ɗauke shi a kafaɗa, kuma cikin ɗokin nasara mutanensa suka bari iyayen gidan siyasa na kudancin jihar suka bayyana alƙalumansu da wuri. Da ɗaya ɓangaren ya ga iyakar abin da Johnson ke da shi, sai sakamako ya riƙa ɗigowa sannu a hankali daga ƙauyukan gabashin jihar, har O'Daniel ya wuce da ƙuri'a 1,311. Ta leƙo ta koma. An ruwaito cewa Shugaba Franklin Roosevelt ya zolaye shi daga baya, yana cewa su a New York sun daɗe da sanin cewa idan an gama zaɓe, zama ake yi a kan akwatuna. Wanda ya gaji kujerar gwamna bayan tafiyar O'Daniel Washinton kuwa shi ne mataimakinsa, Coke Stevenson. Darasin da Johnson ya ɗauka a nan shi ne wanda ya riga bayyana lissafinsa ya gaya wa abokin gaba adadin da zai cike, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi.

A 1948 O'Daniel bai sake neman kujerar ba. Stevenson, wanda aka haifa a 1888, makiyayi ne mai gandun dabbobi kusa da garin Junction, ya yi kakakin majalisar jiha, ya yi mataimakin gwamna, ya yi gwamna daga 1941 zuwa farkon 1947, kuma bai taɓa faɗuwa zaɓe ba. Mutum ne mai ƙarancin magana, kullum da lofe a baki, mai ra'ayin cewa gwamnati ta tsuke bakin aljihu ta bar mutane su ji da kansu. Yaƙin neman zaɓensa irin na da ne, a shiga mota a je dandalin gari a gaisa da dattawa a wuce. Johnson yana da shekara 39, kuma wannan karon dole ya saki kujerarsa ta Majalisar Wakilai kafin ya nemi ta dattawa, ma'ana idan ya faɗi, siyasarsa ta ƙare ke nan. Ana cikin fara yawon neman ƙuri'a tsakuwar ƙoda ta kwantar da shi, har aka garzaya da shi asibitin Mayo da ke jihar Minnesota, inda likitoci suka cire ta ba tare da tiyatar da za ta ɗauke shi makonni yana jinya ba. Da ya dawo sai ya ɗauko abin da yawancin manoman Teksas ba su taɓa gani ba, wato jirgi mai saukar ungulu ƙirar Sikorsky da sunansa rubuce ɓaro-ɓaro a jiki. Jirgin kan yi shawagi a kan gari yana kiran mutane da lasifika, ya sauka a filin ƙwallo ko a fegi, Johnson ya wurgo malafarsa cikin taro, yaransa su bi su karɓo ta domin a sake wurga ta a gari na gaba. Kuɗin wannan hidima, da na rediyo da na jaridu, kaso mai tsoka ya fito ne daga kamfanin gine-gine na Brown & Root, wanda ya samu manyan kwangilolin gwamnatin tarayya da taimakon Johnson. John Connally, wanda daga baya ya zama gwamnan jihar, shi ne ya ja ragamar yaƙin.

Makamin da ya fi yi wa Stevenson illa shi ne batun ƙungiyoyin ƙwadago. Johnson ya goyi bayan dokar Taft-Hartley ta 1947 wadda ta rage wa ƙungiyoyin ƙarfi, kuma da wata babbar ƙungiyar ƙwadago ta jihar ta ayyana goyon bayanta ga Stevenson, sai Johnson ya riƙa yayatawa safe da yamma cewa tsohon gwamnan ya ƙulla yarjejeniyar asiri da shugabannin ƙwadago don a soke dokar. Duk wanda ya san Stevenson ya san ya fi Johnson ra'ayin riƙau nesa ba kusa ba, amma shi yana ganin tanka wa irin wannan zargi zubar da girma ne, ya yi ta jan ƙafa har kashin kajin ya manne masa. A zagayen farko, ranar 24 ga Yuli, Stevenson ya samu ƙuri'a 477,077, Johnson 405,617, wani lauya daga Houston mai suna George Peddy kuma 237,195. Tun da babu wanda ya haura rabi, aka tsayar da Asabar 28 ga Agusta don zagaye na biyu tsakanin na ɗaya da na biyu, kuma masu lura da al'amura sun ɗauka cewa mutanen Peddy, waɗanda su ma masu ra'ayin riƙau ne, wajen Stevenson za su koma.

A nan ne kudancin Teksas ya shigo cikin lissafi. Yanki ne na manyan gandaye, mafi yawan mazaunansa Amurkawa ne 'yan asalin Meziko, talakawa 'yan ƙodago, da yawansu ba sa jin Turanci, kuma kowace gunduma tana da ubangida ɗaya da ke riƙe da aikin yi da kotu da 'yan sanda. Mafi ƙarfi a cikinsu shi ne George Parr na gundumar Duval, wanda ya gaji sarautar siyasar daga mahaifinsa Archie Parr, har ana yi masa laƙabi da basaraken Duval. An taɓa ɗaure shi kan ƙin biyan haraji a shekarun 1930, Shugaba Harry Truman ya yi masa afuwa a 1946. Tsarinsa ba ɓoyayye ba ne. Shi ke biya wa talakawa harajin zaɓe, rasit ɗin kuma yana ajiye a hannun mutanensa, ranar zaɓe a kwaso mutane a manyan motoci ƙarƙashin idon 'yan bindigarsa, a nuna musu inda za su yi alama, wanda bai zo ba kuma a jefa a madadinsa. A ɗaya gefen kuwa shi ke biyan kuɗin asibiti da na jana'iza, shi ke sama wa ɗan wane aikin hanya, saboda haka biyayyar da ake yi masa ba ta tsoro kaɗai ba ce. Abin lura shi ne cewa wannan inji ɗin ya yi wa Stevenson aiki a zaɓukansa na gwamna, ya riƙa ba shi kusan dukkan ƙuri'un Duval, kuma ba a ji ya yi ƙorafi a lokacin ba. Sun yi hannun riga ne, bisa ruwayar da ta fi yaɗuwa, bayan Stevenson ya ƙi naɗa mutumin da Parr ke so a muƙamin mai gabatar da ƙara na yankin Laredo. A zagaye na biyu na 1948 Duval ta ba Johnson ƙuri'a 4,622, ta ba Stevenson 40.

Jihar ba ta da wata hukuma da ke sanar da sakamako a daren zaɓe. Jaridu ne suka haɗa wata cibiya da ke karɓar alƙaluma ta wayar tarho da tangaraho daga gundumomi, kuma abin da take fitarwa ba na hukuma ba ne, domin kwamitocin gunduma suna da kwanaki kafin su zauna su tabbatar da nasu. Wannan rata ta kwanaki ita ce ƙofar da komai ya shiga. Lokacin da cibiyar ta rufe aiki a daren Asabar, Stevenson na gaba da ƙuri'a 854. Washegari Duval ta ce ai akwai akwatin da ba ta gama ƙirgawa ba, ta aiko da ƙarin ƙuri'u fiye da 400 kusan duka na Johnson. Daga nan aka shiga mako guda na gyare-gyare, yau wannan gunduma ta ce ta yi kuskuren tarawa, gobe waccan ta ce an juya lambobi, kowane ɓangare kuma mutanensa na kan waya dare da rana suna sa ido kan gundumomin ɗaya ɓangaren. Zuwa tsakiyar mako Stevenson ya sake wucewa da 'yan ɗaruruwa, jaridu sun fara kiransa sanata. Wannan karon mutanen Johnson ba su sake kuskuren 1941 ba, sun bar wa kansu abin da za su fito da shi a ƙarshe, kuma ranar Juma'a, bayan wasu gyare-gyare daga gundumomin bakin iyaka sun rage tazarar, sai Alice ta yi magana.

Stevenson bai tsaya aike ba, da kansa ya tafi Alice kusan mako biyu bayan zaɓen, tare da lauyoyi biyu matasa da suka taɓa aiki da hukumar FBI, Kellis Dibrell da James Gardner, da kuma tsohon abokinsa Frank Hamer, jami'in tsaron nan da ya jagoranci farautar 'yan fashin da aka sani da Bonnie da Clyde a 1934. Rajistar waɗanda suka jefa ƙuri'a a mazaɓa ta 13 tana kulle a ma'ajiyar wani banki da ke ƙarƙashin ikon Parr, domin sakataren jam'iyya na gundumar, Tom Donald, ma'aikacin bankin ne. Lauyoyin suka tuɓe kwat ɗinsu don kowa ya ga ba su ɗauke da makami, suka taka a tsakiyar titi zuwa bankin, inda wasu mutane riƙe da bindigogi ke tsaye a bakin ƙofa, da Hamer ya matso kuwa sai suka dare suka ba da hanya. Donald ya bari aka duba takardar na 'yan mintuna, ya hana a kwafa, saboda haka lauyoyin suka haddace sunayen da suka iya. Abin da suka ce sun gani, kuma wasu jami'an jam'iyya na gundumar da suka ga takardar suka tabbatar, shi ne cewa sunaye kusan 200 na ƙarshe da tawada dabam aka rubuta su, da hannun mutum ɗaya, kuma a jere bisa tsarin abacada, kamar dai mutanen sun yi layi ne bisa harafin farko na sunayensu. A takardar jimla kuma an ga inda aka ɗora wa lamba 7 ƙugiya ta koma 9. Da suka bi sunayen da suka haddace gida-gida, sai suka tarar da waɗanda suka rantse cewa ba su je rumfar ba ranar, wani ma ba ya garin gaba ɗaya, mutumin da sunansa ya zo daf da jerin kuma ya ce shi ana gab da rufewa ya jefa tasa, bai kuwa ga wani layi a bayansa ba.

Sabbin shugabannin jam'iyya na gundumar, waɗanda ba mutanen Parr ba ne, sun so su zauna su cire ƙarin, amma lauyoyin Johnson suka riga su, suka samo umarni daga wani alƙalin jiha a Austin, Roy Archer, wanda ya hana su taɓa sakamakon. Hujjar ita ce kwamitin gunduma aikinsa tarawa ne, ba binciken maguɗi ba. Da wannan aka tafi Fort Worth, inda kwamitin zartarwa na jiha ya zauna ranar 13 ga Satumba a otal ɗin Blackstone. A can ma lauyoyin Johnson hujja ɗaya suka riƙe, cewa kwamitin ba kotu ba ne, abin da gundumomi suka aiko shi zai tara. Aka kaɗa ƙuri'a aka yi kankankan, 28 da 28, sai da aka nemo wani ɗan kwamiti daga Amarillo, Charley Gibson, wanda ba ya cikin zauren lokacin kiran suna, ya shigo ya ba Johnson tasa, aka tashi 29 da 28. Babban taron jam'iyya da ya zauna washegari hankalinsa na wani wuri dabam, domin shekarar ce 'yan wariyar launin fata na kudu suka ɓalle daga Truman, kuma masu biyayya ga Truman suna bukatar wakilan Johnson don su kori 'yan tawayen daga zauren. Aka yi ban gishiri in ba ka manda, taron ya amince da Johnson ba tare da ya waiwayi Alice ba.

Sai Stevenson ya nufi kotun tarayya, yana mai cewa an tauye masa haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi, tun da kujerar da ake nema ta tarayya ce. Alƙali T. Whitfield Davidson ya ba da umarnin kada a buga sunan Johnson a takardar zaɓen Nuwamba tukuna, kuma da aka zauna sauraro ranar 21 ga Satumba ya kawo wata shawara ta sulhu, cewa a sa sunayen mutanen biyu a takardar zaɓen gama-gari jama'a su raba gardama. Stevenson ya amince nan take, Johnson ya ƙi. Davidson ya naɗa masu bincike na musamman su je gundumomin Jim Wells da Duval da Zapata su saurari shaidu su buɗe akwatuna. Abin da suka tarar ya isa ya nuna irin ƙasar da suka shiga. Shaidun da aka aika wa sammaci da yawa sun yi layar zana, wasu an ce sun tsallaka Meziko. Kwafen rajistar mazaɓa ta 13 sun yi ɓatan dabo, shugaban malaman zaɓe na rumfar, Luis Salas, ya ce a cikin motarsa ya bar su aka sace, sannan ya rantse cewa zaɓen lafiya lau aka yi shi. A Duval kuwa cewa aka yi mai sharar ofis ya ƙone takardun.

Matsalar Johnson a wannan gaɓa ta lokaci ce. A farkon Oktoba za a rufe buga takardun zaɓe, kuma kowace rana da masu binciken suka ƙara a Alice haɗari ce gare shi. Manyan lauyoyinsa suna ta muhawara kan yadda za su ci shari'ar a kotun ɗaukaka ƙara, sai Abe Fortas, wani lauya daga Washinton, ya kawo dabarar da ta saɓa wa hankalin kowa. Ya ce kada a nemi nasara a can, a shigar da ƙara mai rauni a gaban alƙali guda yadda zai yi watsi da ita cikin gaggawa, domin hakan ne zai buɗe hanyar zuwa wurin alƙalin Kotun Ƙoli mai kula da shiyyar, wato Hugo Black, wanda Fortas ya yi imani ba zai so kotun tarayya ta tsoma baki cikin zaɓen jiha ba. Haka kuwa aka yi. Alƙali Joseph Hutcheson ya ce shi kaɗai ba zai iya soke umarnin ba, ranar 28 ga Satumba kuma Black ya saurari ɓangarorin biyu a ofishinsa, tsohon gwamna Dan Moody na kare Stevenson, ya yanke cewa kotun tarayya ba ta da hurumin dakatar da zaɓen jiha ta wannan hanya. A daidai lokacin mai binciken da ke Alice, William Smith, ya fara buɗe akwatunan gundumar ɗaya bayan ɗaya yana neman rajistar, bai kai ga gamawa ba umarnin tsayawa ya iso. Cikakken zaman Kotun Ƙoli ya ƙi sake duba batun.

A ganina ba daidai ba ne a ɗauki hukuncin Black a matsayin son kai tsagwaronsa, ko da yake shi ma ɗan Dimokurat ne kuma tsohon sanata. Hujjarsa tana da tushe: tsarin mulkin Amurka ya ce kowace majalisa ita ce alƙalin zaɓen 'ya'yanta, dokar Teksas kuma ta tanadi hanyar ƙalubalantar zaɓen fid da gwani a kotunan jiha, kuma idan aka bar kowane alƙalin tarayya ya riƙa cire sunan ɗan takara ana saura makonni zaɓe, ba a san inda abin zai tsaya ba. Kuskuren lauyoyin Stevenson na zaɓen kotun da suka nufa ya taimaka wajen kayar da shi. Sai dai idan aka jera matakan, za a ga cewa kwamitin gunduma an ce masa ba shi da ikon bincike, kwamitin jiha ya ce shi mai tarawa ne, kotun tarayya an ce ba huruminta ba ne, kotun jiha lokaci ya ƙure mata, Majalisar Dattawa kuwa, wadda aka ce ita ce alƙali na ƙarshe, ta koma hannun Dimokurat a zaɓen wannan shekarar, binciken da kwamitinta ya taɓa kuma bai kai ko'ina ba. Ranar 2 ga Nuwamba Johnson ya doke ɗan Rifablikan Jack Porter, wani attajirin man fetur daga Houston wanda Stevenson ya mara wa baya don haushi, da ƙuri'a 702,985 a kan 349,665, aka rantsar da shi a Janairun 1949. Abokan aikinsa suka laƙaba masa sunan zolaya mai ma'anar Lyndon mai gagarumin rinjaye, shi ma ya karɓe shi yana faɗa da bakinsa.

Masana tarihi sun rabu kan nauyin da za a ɗora wa kowane ɓangare. Robert Caro, wanda ya wallafa bincikensa kan wannan zaɓe a 1990, yana ganin ƙuri'un Alice ɗan ƙaramin yanki ne na dubban da aka saya ko aka ƙirƙira, yana kuma nuni da birnin San Antonio, inda Stevenson ya yi gaba da fiye da ƙuri'a 10,000 a zagayen farko amma Johnson ya ɗan wuce shi a na biyu. Masu sukar Caro sun ce ya wanke Stevenson fiye da kima, alhali mutumin ya ci moriyar irin waɗannan akwatuna shekara da shekaru, ga kuma mummunan ra'ayinsa game da baƙar fata, sannan lauyoyin Johnson ma sun gabatar da nasu zarge-zargen kan wasu gundumomin da Stevenson ya ci. Duka biyun suna da gaskiya a wani fanni, amma kasancewar Stevenson ba waliyyi ba ne bai mayar da sunayen da aka jera bisa abacada masu jefa ƙuri'a na gaske ba. A 1977, bayan Johnson ya rasu a 1973, Parr ya harbe kansa a 1975 lokacin da ɗauri ke jiransa kan wata sabuwar shari'ar haraji, Stevenson ma ya rasu a 1975 ɗin, Luis Salas ya shaida wa wakilin kamfanin dillancin labarai na AP, James Mangan, cewa ƙarya ya yi a gaban masu bincike. Ya ce Parr ne ya ba da umarnin a ƙara ƙuri'a 200, an kwafo sunayen ne daga jerin waɗanda suka biya haraji amma ba su fito ba, shi kuma ya sa hannu, har ma a daren zaɓen ya riƙa kiran ƙuri'un Stevenson da sunan Johnson. Ya kuma yi iƙirarin cewa Johnson da kansa ya halarci ganawar da aka yanke shawarar, amma wannan ɓangaren na maganarsa makusantan Johnson sun musanta shi, masu bincike da dama kuma ba su karɓe shi ba.

Kujerar da aka samu ta wannan hanya ita ce ta kai Johnson shugabancin masu rinjaye a Majalisar Dattawa a 1955, ta kai shi mataimakin shugaban ƙasa a 1961, ya kuma gaji Shugaba John Kennedy bayan an harbe shi a Dallas a Nuwamban 1963, a cikin motar da Connally ma ya samu rauni. Shi ne ya zurfafa Amurka cikin yaƙin Biyetnam, shi ne kuma ya sa hannu a dokar 'yancin jama'a ta 1964 da dokar kare haƙƙin jefa ƙuri'a ta 6 ga Agusta 1965, wadda ta ba gwamnatin tarayya ikon shiga harkar zaɓen jihohin kudu, irin ikon da lauyoyinsa suka yi nasarar cewa kotun tarayya ba ta da shi a 1948. A zamanin mulkinsa ne aka kawar da harajin zaɓe, wanda shi ne jarin su Parr, kuma shi ya naɗa Abe Fortas alƙalin Kotun Ƙoli a 1965, inda ya zauna benci ɗaya da Hugo Black.

Rajistar mazaɓa ta 13 ba ta sake fitowa ba har yau, kuma ba a taɓa hukunta kowa a kanta ba. Ɗan jarida Ronnie Dugger na Teksas ya ba da labarin cewa wata rana yana hira da Johnson a fadar White House, sai shugaban ya tashi ya ɗauko wani tsohon hoto ya miƙa masa. A hoton, wasu mutanen Alice ne su biyar suna murmushi, sun kewaye gaban wata mota, a kan murfin injinta kuma an ɗora akwatin zaɓe mai ɗauke da rubutun mazaɓa ta 13. Dugger ya tambaye shi labarin hoton, Johnson ya yi murmushi kawai, ya karɓi abinsa ya mayar inda ya ɗauko.